Sunan da Kalangu Ya Faɗa

Ranar Alhamis da hantsi aka yi sunan 'yar Yahuza a Tsarnawa. An yanka rago, an raba goro da dabino, mata sun rangaɗa guɗa har sau biyu, amma cikin mutum fiye da ɗari da suka halarta babu wanda ya ji sunan daga bakin ɗan Adam. Kalangu ne ya faɗe shi. Dangin uba suka shiga gida da suna ɗaya, dangin uwa suka hau mota zuwa Illela da wani daban.

Wanda ya jawo wannan shi ne wan uban jaririyar, Kaparal Chindo, soja mai shekara talatin da huɗu da ke hutun jinya a gida tun bara. Abin ya faro ne ranar Laraba, jajibirin suna, da ƙarfe goma sha biyu da 'yan mintoci, a tsakiyar kasuwar Birnin Konni.

Chindo ya gama sayayya ke nan. Igiyar rago na hannunsa na dama, buhun dabino a kafaɗa, ƙunshin goro a hammata. A hagunsa mai maganin gargajiya ya ɗora lasifika kan mota yana jera cututtukan da garin maganinsa ke kashewa. A bayansa injin niƙa na ruri. 'Yan kabu-kabu na kutsawa cikin mutane suna danna hon. Sai salula ta yi rawa a aljihunsa, da wata doguwar lamba da bai taɓa gani ba.

Ya san ko wane ne. Wata bakwai ke nan ƙanensa Yahuza yana wurin haƙar zinariya can arewa da Agadas, inda babu rezon salula sai wayar tauraro da ake haya, mutane na layi a bayanka, kowa minti ɗaya. An aika masa saƙo ta bakin wani direba cewa matarsa Bushira ta sauka lafiya, an sami mace. Kwana shida gidan na jiran wannan kira, domin suna haƙƙin uba ne, kuma Chindo ne wakilin da zai kai shi kunnen liman.

Ya yar da buhun, ya manna salula a kunne.

"Yaya! Ni ne!"

"Yahuza! Kana lahiya? Ɗaga murya!"

Abin da ya biyo baya ya iso kunnen Chindo da ƙarfinsa. Ya ji muryar ƙanensa, ya ji dariyarsa, har iskar da ke kaɗawa a can ya ji. Amma kalmomin sun shigo a cakuɗe da shawara da basir na mai lasifika da kukan rago, kamar an zuba gero da dawa da tsakuwa a ƙwarya ɗaya. Ya tsinci "lahiya". Ya tsinci "liman". Ya tsinci "sunan inna", sai wata babbar mota ta danna hon. Daga nan Yahuza ya sassauta murya ya faɗi sunan da sauri, ƙasa-ƙasa, yadda ɗa mai kunya kan faɗi sunan da ya fi ƙarfin bakinsa.

"Ka jiya, Yaya?"

"Na jiya," in ji Chindo.

Layi ya katse.

Bai yi niyyar ƙarya ba, baki ne ya saba. Shekara biyu da suka wuce, a wata hanyar daji a yankin Tillaberi, motar da ke gaban tasu ta taka nakiya. Chindo na tsaye a bayan tasu motar riƙe da babbar bindiga. Iskar fashewar ta ɗauke shi ta yar a gefen hanya. Ya tashi babu karaya, sai ɗan jini a kunnen hagu da wani ƙara kamar kukan gyare da ya yi wata uku kafin ya lafa. A wani asibiti a Yamai aka sa shi cikin ɗan ɗaki mai kaurin bango, aka ɗora masa abin saurare, aka ce duk ƙaran da ya ji ya ɗaga hannu. Ya ɗaga a kowanne, har wanda bai kai kukan sauro ba. Takarda ta fito: kunnuwa biyu lafiya.

Da wannan takarda ya koma bakin aiki. Bayan wata takwas aka dawo da shi gida, saboda in ana magana a rediyon mota inji na gudu, sai a ce masa hagu ya yi gaba. Likita ta biyu, wata mata marar gaggawa, ta ce masa kunne ƙofa ce kawai. Can ciki, a ƙwaƙwalwa, ake raba magana da hayaniya, kuma girgizar bam takan taɓa wurin ba ta bar tabon da ido zai gani ba. A ɗaki shiru, mutum ɗaya na magana, Chindo na jin komai. A kasuwa, a wurin biki, a ƙofar masallaci bayan sallama, sai ya koma kamar baƙon da bai iya Hausa ba. Mutanen Tsarnawa takardar farko suka gani. Wasu suka ce girman kan mai kaki ne, wasu suka ce iska ce ta shafe shi a daji. Shi kuwa ya riƙe amsa biyu masu kashe magana: "awo", wato i, da "na jiya".

Ya suri buhun ya nufi bakin kasuwa da sassarfa, rago na tirjiya. Can Hamani ke jiransa a kan babur. Hamani Bazabarme ne, rana ɗaya suka shiga soja, ya bar aiki ya zauna Konni yana kabu-kabu, kuma shi kaɗai ke tsokanar Chindo da kunne, ko da ƙarin yatsan da aka haife shi da shi, ba a ɓata ba.

"Mai yatsa shida! Kai ka sayi ragon ko shi ya saye ka?"

"Yahuza ya kira."

"Alhamdu lillahi! Wane suna?"

Chindo ya dubi ƙasa.

"Kaparal. Kak ka ce mini…"

"Na ce mishi na jiya."

Hamani ya dafe kai da hannu biyu, sannan ya fashe da dariya har babur ya karkata. "Allah ya yi maka ƙarin yatsa, ya bar ka da kunnen ado! Kira shi, kira shi maza!"

Sau tara suka kira lambar. Ba ta shiga.

Hamani ya fizge salular ya jujjuya ta. Ƙarama ce, mai maɓallai, irin wadda ke ɗaukar kowane kira da kanta ba a sa ta ba. "Wagga ta hi ka hankali," in ji shi. Ya danna nan, ya danna can, sai ga shi: daƙiƙa hamsin da huɗu. Suka ja rago zuwa bayan wani shago, Hamani ya toshe kunne ɗaya da yatsa ya kara ɗaya. Sai dai salular ba ta da zaɓi, ta ɗauki Yahuza ta ɗauki kasuwar Konni gaba ɗaya, kuma kasuwar ta fi kusa da ita.

"Hadiza!" in ji Hamani. "Wallahi Hadiza yac ce. Tsaya in sake." Ya sake. Fuskarsa ta sauya. "Halima."

"Wanne ciki?"

"Bari dai in sake."

A nan gizo ke saƙar. Halima sunan mahaifiyar Chindo da Yahuza ne, wadda gida ke kira Inna. Jikokinta shida duk maza ne, wannan ce mace ta farko. Hadiza kuwa sunan mahaifiyar Bushira ne, wadda a lokacin take kan hanya daga Illela da mota cike da dangi. Kowacce inna ce. Ko "innammu" Yahuza ya ce ko "innatta", hon ɗin babbar mota ya haɗiye ƙarshen kalmar. In Chindo ya kai sunan mahaifiyarsa alhali surukar aka nufa, ranar da Yahuza ya dawo sai dai a cire wa tsohuwa takwara a gaban gari, ko a bar uba da sunan da bai zaɓa ba. In ya kai na surukar alhali Inna aka nufa, ya ɗauke wa uwarsa abin da ta shekara goma tana jira ya miƙa wa Illela da hannunsa. Kuma saura ƙasa da awa ashirin liman ya kara masa kunne.

"Hau," in ji Hamani. "Wataƙila mai jego ta sani."

Aka ɗaure ƙafafun rago aka kwantar da shi a cinyar Chindo, buhun dabino a kan tanki, goro a tsakani. Hamani ya ba babur wuta. Kilomita goma sha biyar ne, manyan motocin albasa daga Galmi na gilmawa suna jijjiga kwalta, gonaki a gefe sun fara kore da shukar ruwan farko. Tun daga Konni har Tsarnawa bakin Hamani bai huta ba. Chindo na jin muryarsa na tashi tana sauka cikin iska, duk inda ta tsaya sai ya ce awo.

A ƙofar gida Hamani ya kashe inji ya juyo. "Ka san na roƙe ka ragon ga, kac ce awo? Na roƙi gonarka ta fadama, kac ce awo. Da hanyar ta kai Malbaza da na gaje ka da rai."

"Ɗan Zabarma, in ka ƙara magana tare da ragon zan ɗaure ka."

Cikin gida turmi huɗu na aiki, rediyo na waƙa, tukwane na kan murhu, yara na guje-guje. Matar Chindo, Zahara'u, ta hango fuskarsa daga bakin rijiya ta ajiye guga. A gidan ita kaɗai ta gane cewa ɗaga murya ba ya ƙara masa komai. Takan taɓa hannunsa, ta ja shi inda ba hayaniya, ta fuskance shi ta yi magana kamar kowa. Haka ta yi. A bayan garke ya faɗa mata.

"Inna lillahi!" Ta rufe baki, amma idonta na dariya. "Tsaya nan. Kak ka shiga."

Ta shiga ɗakin mai jego, ta yi minti goma ta fito.

"Ta rufe huska da zane. Da ƙyar tac ce, kahin shi tahi ya ce in mace ce zai ba mutane mamaki."

"Mamaki? To Illela ke nan!"

"Ko? Ba kai kac ce mini bara ya yi maganar Inna ta tsufa ba takwara?"

"Ya yi."

"To."

Chindo ya karɓi salular daga hannun Hamani ya zagaya bayan gida. Akwai wani babban rumbun laka a can, ginin kakansu, fanko tun watan jiya da hatsi ya ƙare. Ba wannan ne karo na farko ba. Duk ranar da gida ya cika, kai ya fara sarawa, nan yake zuwa. Ya jingina tsani, ya ɗaga murfin ciyawa, ya zura ƙafa ya dira ciki. Sanyi, ƙanshin tsohon gero, haske ɗan kaɗan daga sama. Daka da rediyo suka koma nesa kamar a wani gari.

Sau talatin da ɗaya ya saurara, yana ja wa kowanne layi a bango da kara. Mutumin da ya shekara biyu yana rayuwa da ragowar magana ya iya tsince. Ya ware injin niƙa, ya ware rago, ya bi muryar ƙanensa kamar mai bin sawun akuya a kan tsandauri. Ga abin da ya samu: gaɓa uku. Ta farko "Ha" ce, a ƙasa. Ta tsakiya doguwa, a sama. Ta ƙarshe ta sauko. Ya rufe baki ya rera Halima ta hanci. Ya rera Hadiza. Murya ɗaya ce sak, kamar mata biyu cikin anko. Baƙaƙen da za su raba su sun faɗo daidai inda mai lasifika ya ce "basir".

Da la'asar motar Illela ta iso. Guɗa ta tashi, aka yi ta sauke ƙwarya da kwalla da buhun gero. Mahaifiyar Bushira ta sauko da sabon lulluɓi, tana raba gaisuwa hannu bibbiyu. Chindo ya fito daga rumbu da ƙaiƙayi a ka, ya gaishe ta, duk abin da ta ce ya ce awo.

Kafin magariba Inna ta aika a kira shi ɗakinta. Ba ta kama sunansa, ɗan fari ne, Soja take ce masa. Ɗakin shiru ne, ya ji kowace kalma.

"Soja, ƙanenka ya kira?"

"Ya kira, Inna."

"Madalla."

Ba ta tambayi suna ba, ba a tambaya. Ta kwance bakin zane ta nuna masa 'yan kunne na azurfa, ƙanana, sun yi duhu don daɗewa.

"Uwata ta sa mini su. Na aje ma baƙuwa, ko mi anka sa mata."

Ya fito ya yanke shawara. Rabi da rabi ne, in ji zuciyarsa, kuma in za a yi kuskure gara a yi shi wajen uwa. Zai ce Halima.

Washegari bayan sallar asuba aka shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar gida har gindin itacen bedi. Kafin rana ta ɗaga wuri ya cika. Liman na zaune a tsakiya. A damansa Baffa Mustapha, ƙanen mahaifin su Chindo. A hagunsa Malam Mahfuz, kawun Bushira, jagoran baƙin Illela. A bakin zaure Jibo maroƙi na tsaye da kalangu a hammata, yana jiran a raɗa suna ya shiga da shi wajen mata. Faranti na yawo, gaisuwa na tashi ta ko'ina, rago na kuka, mahauci na wasa wuƙa.

Chindo ya ratsa mutane ya durƙusa gaban liman. Liman ya sunkuyo ya ce masa wani abu. Chindo ya ga gemu na motsi, ya ji murya, bai sami ko kalma ɗaya ba. Amsar da ya saba ta taso har bakin haƙora. Ita ce ta kawo shi inda yake. Ya danne ta.

"Liman, ban ji abin da kac ce ba. Kuma sunan ma ban jiya ba."

Shi a ganinsa raɗa ya yi. Amma tun ranar nakiya ba ya iya auna muryarsa cikin taro. Maganar ta kai tabarmar ƙarshe.

Wuri ya ɓarke. Baffa Mustapha ya miƙe yana faɗa yana nuni da carbi. Mutum biyar na magana a lokaci ɗaya.

"Baffa," in ji Chindo, "juyo in ga bakinka. Kuma don Allah mutum guda shi yi magana."

Bai taɓa roƙon wannan a garin ba. Liman ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Baffa ya juyo.

"Cewa na yi, wace irin magana ce wagga? Ba kai anka kira ba? Da idona na ga takardar likita, kunnenka ya hi nawa lahiya!"

"Takarda ba ta yi ƙarya ba, Baffa. Kunnena na kawo komi, tsaba da ƙaiƙayi. Mai sheƙewa ce babu."

Hamani ya tsallake ƙafafun mutane, ya zare salular daga aljihun Chindo ya ɗaga ta sama. "Ga shaida! Yahuza na ciki, kowa shi ji da kunnensa!"

Baffa Mustapha aka fara ba. Ya kara, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai. "To ina wahalar? Sunan matar yayana ne, sarai."

Malam Mahfuz ya miƙa hannu. Ya saurara har sau biyu. "Allah gafarta malam, ni dai sunan ƙanwata na ji."

"Ƙanwarka? Sake saurare, Malam, hanya ta gajiyar da kai."

"Hanyar Illela ba ta toshe kunne, Alhaji."

Salula ta shiga yawo daga tabarma zuwa tabarma. Hamani na bin ta yana ƙirga da ƙarfi kamar ranar zaɓe. Sha ɗaya suka ce Halima, duk 'yan Tsarnawa. Tara suka ce Hadiza, bakwai cikinsu a motar Illela suka zo. Wani tsoho ya rantse Habiba ya ji, aka tuna masa sunan matarsa ke nan, aka kwashe da dariya. Mahauci ya ce shi basir kawai ya ji. Murya ta fara hawa, huluna na karkacewa.

"Kun gani?" in ji Hamani. "Minti guda kunka yi cikin kasuwar Konni kuna neman doke juna. Kaparal shekara biyu shina ciki, ba a tashi kasuwar ba!"

Liman ya karɓi salular, bai kara a kunne ba, ya ajiye ta a kan buzu.

"Suna na uba ne," in ji shi, a hankali, yana fuskantar Chindo. "Kuma uban ya riga ya sa. Mu ne ba mu jiya ba. Wanda ba ya buƙatar rezo ya ji. A yanka rago da niyyar sunan da ubanta ya sa mata. Mu yi fatiha."

Aka ɗaga hannu, aka shafa. Mahauci ya kayar da rago. Jini bai gama tsiyaya ba Jibo maroƙi ya taso yana buga cinya.

"Allah gafarta malam, ni hwa? Shekara talatin ina shiga da suna wajen mata! In shiga in ce mi? In ce su jira rezo? Da muciya za su koro ni!"

Dariya ta sake tashi. Chindo bai ji abin da aka ce ba, amma ya ga hannun Jibo wayam yana nuna zaure, ya gane. Ya miƙe.

"Jibo, taho. Baƙaƙen sun ɓace mini, amma muryar sunan na nan. Ita na tabbata."

Ya ja shi gefe, ya rufe baki ya rera ta hanci: ƙasa, sama a ja, ƙasa. Jibo ya karkata kai. Ya gyara kalangu, ya matse tsarkiya da hammata, ya buga sau uku.

"Haka?"

"Ƙara jan ta tsakiya."

Ya sake bugawa.

"Shi ne," in ji Chindo. "Haka Yahuza yac ce."

Jibo ya dubi liman. Liman ya dubi wani wuri yana jan carbi, gefen bakinsa na motsi. Jibo bai jira komai ba, ya faɗa zaure da gudu yana kwarara murya.

"Mata, ku saurara! Baƙuwa ta ci sunan kakarta! Kakarta, in ji ubanta!"

Sai kalangu ya faɗi sunan. Ya faɗa, ya maimaita, ya ɗora shi kan kiɗa.

Guɗar farko daga ƙofar ɗakin Inna ta tashi, ta 'yan Tsarnawa. Ba ta sauka ba ta biyu ta tashi daga rumfar baƙin Illela, ta fi ta farko tsawo. Daga zaure Chindo ya hango tsofaffin biyu sun fito fili ɗaya, kowacce da zugarta, kowacce na taka rawa tana yi wa ɗayar murmushin haƙuri. Mutum ɗari na ihu a bayansa, turmi na amsawa a gabansa, amma kalangu ya ratsa duka ya iso masa cikakke, gaɓa uku, babu abin da ya zube. Ya tsaya a wurin har Jibo ya gaji.

Maganar da maza ɗari suka ji ba ta kwana. Kafin azahar mata sun san komai. Mahaifiyar Bushira ta yi dariya har da hawaye, ta ce in dai kalangu ne, ita ya kira. Inna ta ce ita ma ta amsa, kuma ta riga ta rawa. Ta miƙa 'yan kunnen azurfa aka ajiye wa jaririya. Zahara'u ce ta lura cewa ko wanne ne a cikin biyun, daga Yahuza har Bushira babu mai iya kama shi da baki, dole dai a nemi na alkunya. Tun ranar ake ce wa yarinyar Ummi.

Da la'asar, da baƙi za su hau mota, Baffa Mustapha ya zo wurin Chindo. Ya buɗe baki daga gefe, ya fasa, ya zagayo ya tsaya a gabansa sannan ya yi magana. Tambaya ce kawai, wa zai kai wa mahauci fatar rago.

Ranar Litinin Chindo da Hamani suka je ofishin magajin gari neman takardar haihuwa. Ma'aikacin ya rubuta rana, ya rubuta uba da uwa da gari, ya kai kan gurbin suna ya ɗaga alƙalami. Hamani ya rera masa ta hanci. Ma'aikacin ya ce ba ya rubuta kiɗa, kuma suna da kwana sittin daga ranar haihuwa. Manjo, babban ma'aikacin asibitin garin, wanda yana cikin sha ɗayan da suka ji Halima, ya rubuta wa Chindo takarda zuwa Yamai don a gwada shi da magana cikin hayaniya, ba da ƙara a ɗaki shiru ba. Ba a ba shi rana ba tukuna.

Yanzu da rana salular na ɗaure a bakin zanen Zahara'u. Tsani na jingine a jikin rumbu ba a ɗauke shi ko Yahuza zai kira, an gwada, daga tsakar gida zuwa cikin rumbun daƙiƙa ashirin ne. Direban da ya kai saƙon haihuwa ya sake tashi arewa da takarda a aljihu mai tambaya ɗaya: wace inna?

Yau kwana ashirin da uku da haihuwar. Jiya da la'asar an sake kiran doguwar lambar sau huɗu, ba ta shiga.